Man Shanun da Baba Ya Ce a Mayar

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, tsakar gidanmu ba masaka tsinke. Mata sun cika tun daga ƙofar ɗakina har bakin rijiya, wasu ma ban san su ba, sai dai in ji an ce daga Dukawuya suke, ko daga Kabuga. Ina zaune a kan tabarma na jingina da bango, kowa ta shigo sai ta durƙusa gabana ta ce ya haƙuri, in ce da godiya. Abin da ya fi kukan ƙona min rai a ranar shi ne yabo.

Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce, "Allah ya ji ƙan Alhaji. Ke kuma 'yar nan, Allah ya ba ki masu yi miki. Bawan Allah ya tafi da jikinsa ɓul-ɓul, ba a ce ga ranar da ya kwanta jinya ba." Ta kusa da ita ta karɓe, ta ce ai ɗanta ya gaya mata masu ɗaukar makara sai canjin hannu suke yi saboda nauyi. Ta faɗe shi ne kamar tana ba ni lambar yabo. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana gefe tana jan carbi tana gyaɗa kai. Ta ce, "Ta riƙe shi. Da farko dai an so a yi wasa, amma daga baya ta riƙe shi." Na ce amin ga duk addu'ar da aka yi, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Baba uban mijina ne. Ni ce matar babban ɗansa, kuma tun da Inna, matarsa, ta rasu girkinsa ya dawo hannuna. Shekara goma sha ɗaya ina dafa masa abinci ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Akwai asabari a ƙofar soro ta ciki. A nan nake ajiye kwano in yi sallama, shi yana can ciki ni ina nan waje, kusan duk maganar da muka taɓa yi a duniya ta bayan asabarin nan muka yi ta. Malama yake kirana, saboda ina koyarwa a firamare, kuma yakan ja sunan kamar mai tsokana.

Sana'arsa ɗinkin hannu na manyan riguna. In ka ga riga mai aska takwas da Baba ya zauna a kanta, ba sai an gaya maka ba. Yana fitowa daga sallar asuba zai shimfiɗa buzunsa a soro, ya ɗora riga a gwiwa, ba zai tashi ba sai kiran salla. Ba ya son a yi masa magana yana zura zare, amma da zaren ya shige sai hira ta ɓarke. In wani ya kawo ɗinkin keke yana yabawa, sai ya juya shi ciki-waje ya ce, "Ni ciki nake dubawa, waje kowa ya iya." In aka matsa masa da gaggawa kuwa, sai ya miƙa wa mutum allurar ya ce, "Bismilla, ƙarasa." Yana da faɗa, amma faɗansa ba ya kai la'asar.

Mutum ne mai jiki tun asali. A unguwarmu ta Ƙofar Na'isa kuwa jiki abin alfahari ne. In aka ce wane ya yi tumbi, ana nufin Allah ya buɗa masa, gidansa kuma akwai mace ta ƙwarai. Kullum bayan magariba dattawan layinmu suna ciyayya a soron Baba, kowa a kawo kwano daga gidansa a buɗe a gaban kowa. Wannan ciyayyar ita ce jarrabawar matan layin, don abin da aka gani a kwanonki kafin gari ya waye ya shiga kowane gida. Kwanona bai taɓa ba ni kunya ba. Tuwon shinkafa ne, miyar taushe, man shanu har yana kwanciya a kai, ga soyayyen nama a gefe. Da rana fura da nono da sukari, da safe funkaso ko waina.

Akwai abin da ya yi min da ba zan manta ba har in koma ga Allah. Haihuwata ta fari ɗan bai zo da rai ba. Mata suna ta shigowa suna cewa in yi haƙuri wani na tafe, ni kuwa kamar in ce su fita su ba ni wuri. Rana ta uku sai na ji sallamarsa a ƙofar ɗakina, shi da bai taɓa wuce rijiya ba in ina tsakar gida. Bai shigo ba. Ya ce, "Malama, ni na binne shi da hannuna. Na duba fuskarsa, kyakkyawa ne, kamarki ya yi. Na ga ba wanda ya gaya miki, shi ya sa na zo." Ya juya ya tafi. Sai a ranar na yi kukan da ya sauke min abin da ke ƙirjina.

Shekarar da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, aiki ya yi wa Baba yawa. Duk wanda ya ci kansila sai ya ɗinka babbar riga, balle na sama da shi. Motoci suka riƙa tsayawa a bakin lungunmu, ana shigo da shadda, ana haɗowa da tsire da balangu da kaji, wai a gai da Alhaji. Shi kuwa ba ya mayar da hannun kyauta. Zaman da yake yi ya ninku, ɗan zagayen da yakan yi zuwa kasuwa sayen zare ma ya daina, sai dai a kawo masa. Cikin shekara biyu rigunansa na da suka daina shigarsa. Mutane suna cewa Alhaji ya samu duniya, ni kuma, Allah ya yafe min, ina jin daɗi ana cewa hannuna ne.

Ta bayan asabari na fara jin canjin. Numfashinsa ya koma kamar na wanda ya yi gudu, alhali daga masallacin da ke bakin layi ya dawo. Takalminsa ya daina shiga da yamma saboda ƙafa ta cika. Sujada ta gagare shi, ya koma salla a kan kujera, kuma wannan ya dame shi fiye da komai. Wata Juma'a a hanyar masallaci ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna a dakalin wani gida yana gumi, sai a mota aka dawo da shi.

Maigidana a Kaduna yake aiki, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Da aka aika masa ya zo ya kai Baba asibiti, aka yi gwaje-gwaje, aka ɗebi jini. Ranar karɓar sakamako likitan ya ce a zo da mai dafa masa abinci. Haka na bi su, na zauna a bakin ƙofa na sunkuyar da kai. Likitan dattijo ne, Bakano, bai yi mana Turanci ba. Ya ce, "Alhaji, jininka ya hau, zuciyarka kuma ta fara gajiya. Kitsen cikin nan da kake gani ba ajiya ba ce da ke zaune shiru. Akwai abin da yake saki a cikin jini, yana sa jijiyoyin jini su kumbura daga ciki. Inda ya kumbura nan maiƙo yake samun wurin maƙalewa, hanya ta yi ta tsukewa. Ga zuciya tana tura jini ta matsattsiyar hanya, ga kuma ƙaton jiki da za ta yi wa hidima."

Baba ya ɗaga hannuwansa ya dudduba. Ya ce, "Likita, ban da ƙafa da yamma, ni ban ga inda na kumbura ba."

Likitan ya yi murmushi ya ce, "Ba a ganinsa, ba ya kuma ciwo, shi ya sa yake da haɗari. Kai maɗinki ne. Ba ka taɓa ganin rigar da waje lafiya lau, amma shafin ciki ya gama cinyewa ba?"

Baba ya sauke hannuwansa. Can ya ce, "Na gani." Likitan ya rubuta magani, ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai jikin ya ragu. A rage mai da gishiri da sukari, a bar soye-soye, a yawaita ganye, a riƙa tafiya a ƙasa kullum. Sannan ya juyo wajena ya ce, "Malama, rabin maganin yana hannunki."

Na ɗauki maganar nan da zafi, don ni in na sa abu a gaba ba na yin rabi. Washegari na kai tuwon dawa ɗan madaidaici da miyar kuka ba ɗigon mai, da kwaɗon zogale a gefe. Ban kai ga komawa ɗaki ba na ji ya buɗe kwanon ya ce, "Malama! Wannan na wane ne? Ko akuyar gidan ce aka yi wa kuskuren kwano?" Na ce, "Naka ne, Baba." Ya ce, "To ban ƙoshi da ganinsa ba, balle cinsa. A kawo man shanu." Na ce, "Babu, Baba. Na bayar." Ƙarya nake yi, yana cikin kwalba a ƙarƙashin gadona. Ya yi faɗa ranar har da cewa a gidansa za a yi masa mulkin soja bayan sojan ma sun tafi. Kwana uku yana dawo min da kwano an taɓa kaɗan. Ni ma na ƙi sauka. Rana ta huɗu kwanon ya dawo a share, da 'yar takarda a kan murfi da rubutun ajami: a ƙara yaji.

Daga nan muka daidaita. Bayan asuba sai ya ɗauki sandarsa, shi da Ladan, abokinsa tun na ƙuruciya, su taka har bakin ƙofar gari su dawo. Da farko sau uku yake hutawa a hanya, daga baya ya daina. Tsiren da ake kawowa ya riƙa turawa maƙwabta. Wata bakwai ana haka, kumburin ƙafa ya sauka, numfashi ya daidaita, likita ya ce jinin ya fara jin magana. Wata rana da azahar na ji ya ƙwala min kira, na zo da gudu na ɗauka wani abu ne. Ya ce, "Malama, yau goshina ya taɓa ƙasa." Na koma madafa na zauna ina share hawaye da bakin zane.

To amma jama'a ba goshinsa suke kallo ba. Wuyansa suke kallo da ya fito, da rigar da ta koma tana yi masa yawa. A wurin ciyayya kuma ga kwanona a buɗe, ganye da tuwon dawa a tsakiyar kwanukan da mai ke ƙyalli. Magana ta fara zagayawa. Wasu suka ce ciwon da ba a faɗa ne ya kama Alhaji. Wasu suka ce a'a, matar ɗansa ce, 'yar boko, take auna masa abinci da cokali tun da ta ga ba uwar miji a gidan. Na je suna a maƙwabta, ina zama hira ta mutu. Wata har da ce min, da dariyarta, "Malama, a ci shinkafar nan, mu ba ma aunawa."

Sai ga Gwaggo. Ta shiga soro ta ga yayanta, ta fito tsakar gida tana salati tana tafa hannu. Ta ce, "Oh ni! Yayana ne ya koma haka kamar kara? Ke, me ya yi miki? Gidan ubanki haka ake riƙon tsoho?" Na ce, "Gwaggo, likita ne ya ce." Ta ce, "Likita ya haife shi? Ubanmu ya fi shi jiki, ya shekara nawa a duniya? In kin gaji ki faɗa, in ɗauke shi ya koma gidana, duniya ta san ɗansa ya auro wadda ta fi ƙarfin dafa wa ubansa." Da ƙarfi take yi don maƙwabta su ji, kuma sun ji. Baba ya yi mata magana daga soro ya ce ta bari, ta ce ai dama an gama da shi, ba zai gani ba.

Na kira maigidana ta wayar maƙwabta, ya ce in yi haƙuri in bi a hankali, kamar wannan wata shawara ce. Abin da ya karya ni saƙon mahaifiyata ne. Ta aiko ƙanwarta takanas ta ce a gaya min maganar ta iso har unguwarsu, ta kasa shiga mutane, in tuna ina da ƙanne mata da ba su yi aure ba. Ranar na kasa cin komai. Da na kai kwanon dare sallamar ma da ƙyar na yi, kuma na san ya ji.

Kwana biyu bayan haka na ajiye kwano zan juya, ya ce, "Malama, tsaya." Na tsaya. Ya ce, "Na gaji da abincin likitan nan. Daga gobe a mayar min da man shanuna da tuwon shinkafata da furata. Na san kwalbar tana nan, ba ki bayar ba." Ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: daɗi na ji. Wallahi wani sanyi na ji har cikin raina. Ni da na yi kwana uku ina ja da shi a kan cokali ɗaya na mai, ranar ko "amma Baba" ban ce ba. Na ce, "To, Baba." Na shiga ɗaki na jawo kwalbar.

Na ce wa kaina ai shi ya nema. Tsoho ne, kwaɗayi ya ci ƙarfinsa, ni mece ce tawa? Da wannan na riƙa kwantar da hankalina duk lokacin da na ɗaga ludayi. Jikin ya dawo da sauri fiye da yadda ya tafi. Tafiyar asuba ta koma ta rabin hanya, daga baya ta tsaya. Kujerar salla da aka jingine a lungu aka sake fito da ita. Magani dai yana sha, amma ranar komawa asibiti sai ya ce aiki ya yi yawa. Ni kuwa sunana ya gyaru tas. Gwaggo ta aiko min da turmin atamfa. A gidan biki aka koma matsa min wuri ana cewa ga Malama mai hannun albarka. Numfashin nan kuma ina jinsa ta bayan asabari, kullum yana ƙara nauyi, sai in ajiye kwano in yi sauri in bar wurin.

Shekara ɗaya da 'yan watanni aka yi haka. Ranar wata Talata bayan azahar na kai fura na yi sallama, ba a amsa ba. Na sake yi. A karo na uku na ɗaga asabarin, abin da ban taɓa yi ba. Yana jingine da bango, riga a gwiwarsa, allura tana rataye a zare. Ranar ce na fara ganin fuskarsa sosai.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da wannan, kada wani ya zo yana karanta min. Amma a kwanakin zaman makoki bakina bai yi shiru inda ya kamata ba. Malaman makarantarmu da suka san zancen likita sun tambaye ni a hankali yaya aka yi, na ce musu na yi iya ƙoƙarina, Baba ne ya kasa haƙuri da abinci. Na faɗa wa maigidana haka. Na faɗa wa matar Ladan ma haka, har da cewa tsofaffi sai a hankali, in ransu ya biya ba mai hana su.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, aka ce min Ladan yana soro yana son magana da ni. Na je na tsaya inda na saba tsayawa. Ya yi min ta'aziyya. Sannan ya ce, "Malama, ya ce kada in faɗa miki, kuma da na yi niyyar in tafi da ita kabarina. Amma mai ɗakina ta gaya min abin da kika ce, ni kuma ba zan bari a ɗora wa abokina kwaɗayi yana ƙasa ba."

Na ce, "Ina ji, Baba Ladan."

Ya ce, "Washegarin ranar da 'yar'uwar mahaifiyarki ta zo, muna tafiyar asuba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce min, 'Ladan, abincin nan fa na saba da shi, har daɗinsa nake ji, rabon da in ji ƙarfi haka tun ina saurayi. Amma yarinyar nan ana cin mutuncinta a kaina, ita da iyayenta, kuma ba ta da bakin ramawa. Na yi magana, an ce an gama da ni. Ba abin da zai rufe bakinsu sai sun ga wuyan nan ya cike.' Na ce masa ka manta abin da likita ya ce? Ya ce, 'Ban manta ba, na ji shi sarai. Ni na ci zamanina. Ita yanzu ta fara nata, kuma a garin nan za ta zauna.'"

Ladan yana ta cewa in yi haƙuri, ni kuwa ba abin da nake tunawa sai yawan kwanukan da na kai, kowanne ya dawo a share. Yana ci yana sanin abin da yake ci, ni ina zubawa ina zaginsa da kwaɗayi a zuciyata don in samu in yi barci.

Shi ya sa na rubuta wannan. Duk wanda ya ji daga bakina cewa Baba ya kasa haƙuri, to ƙarya na yi masa, kuma na janye ta a gaban Allah da gaban jama'a. Baba bai kasa ba. Wata bakwai ya riƙe, kuma da zai riƙe har ƙarshe. Ni ce na ji tsoron bakin mutane fiye da yadda na ji tsoron rasa shi, ya gane haka, ya ɗauke min zaɓin don kada laifin ya zama nawa. Ya Allah, ka yalwata masa kabarinsa, ka karɓi sujadar da ya yi ta marmari, ka haɗa shi da Inna a gidan rahama. Ni kuma ku roƙa min gafararsa, don ban taɓa ce masa na gode ba, "To, Baba" kawai na ce.